Akuyar Kirsimeti da Raga Biyu

Ban taɓa gasa nama ba sai shekarar da mahaifina ya kwanta. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, na koyar da yara lissafi har wasunsu sun zama malamai, amma ban san ta ina ake fara hura gawayi a cikin rabin duro ba. Ba laifina ba ne. A gidanmu na Zuru gashi aikin Baba ne, kuma Baba tsohon soja ne, ba ya son a tsaya masa a ka. In ka matso kusa da wutarsa sai ya ce ka tare masa iska. Mu mata muna can madafa da shinkafa da miya, sai dai ƙamshi ya iske mu.

Kowace Kirsimeti haka take tun da ya ajiye kaki ya dawo gida. Da sassafe Baffa zai iso daga wajen Mahuta da akuya ɗaure a bayan babur. Baffa Bafulatani ne, makiyayi, aminin Baba tun suna samari, kafin ɗaya ya shiga soja ɗaya ya bi shanu. Ba danginmu ba ne, amma mun tashi muna ce masa Baffa, har yau kuma bakina bai iya kiransa da wani suna ba. Shi zai yanka akuyar da hannunsa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla, domin shi Musulmi ne mu Kirista, in ba yankan Musulmi ba ne ba zai ci ba. Gidaje da yawa haka suke yi a garinmu, don maƙwabta su samu su sa hannu a kwano. In ya yanka ya feɗe sai ya wanke hannu ya shiga gari wajen 'yan'uwansa, mu kuma mu tafi coci. Bayan la'asar ya dawo, su zauna su biyu a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, su ci nama suna gardamar wanda ya girmi wani.

A shekarar da nake magana, ana cikin girbin dawa Baba ya faɗi a bakin rumbu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya ta rage masa, wato "to". Ka tambaye shi ko yana jin yunwa, to. Ka tambaye shi ko ya ƙoshi, to. Mutumin da in ya daka tsawa a tsakar gida har kajin maƙwabta ke watsewa, ya koma sai an juya shi a kan gado. Ƙannena maza biyu duk sojoji ne, babu wanda aka ba hutu. Na taho daga Kontagora, inda nake aure nake kuma aiki, saura kwana huɗu Kirsimeti, na tarar Mama ta rame kamar ita ce mara lafiyar.

Ta ce bana a bar maganar gashi, a dafa shinkafa a yi shiru. Ni kuwa na ce atafau sai an gasa. Ba kwaɗayin nama ne ya dame ni ba. Na lura ranar da Baffa ya leƙo dubiya, Baba ya yi ta yunƙuri har ya ɗaga kai daga matashi, abin da bai yi mini ba ni 'yarsa. Sai na ƙudurta a raina cewa in akwai abu ɗaya da zan iya yi masa, to shi ne in fito da shi ƙarƙashin mangwaron nan, ya ga amininsa yana cin nama a gidansa kamar kullum. Na kira Baffa a waya na ce ya kawo akuya.

"Wa za shi gashi?" ya tambaye ni.

"Ni, Baffa."

Ya ce, "Allah shi taimaka, ɗiyata."

Na fara da neman ilimi, kamar yadda malamar makaranta za ta yi. Na je wajen wani dattijo mai tsire a bakin tasha, na sayi tsinke biyu don kada a ce na zo hannu rabbana, sannan na zayyana masa matsalata. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malama, ke da kanki? Babu maza gidan?"

"Mazan suna bakin daga. Za ka faɗa mini ko in yi gaba?"

Ya faɗa mini, amma kamar ana ciro masa kowace kalma da ƙugiya. Gawayin kirya zan nema, ba na itacen banza mai tartsatsi ba. Kada in kuskura in sa kananzir, nama zai ɗauki wari, karan dawa ya isa. Kada in ɗora nama a kan harshen wuta, sai gawayi ya yi ja ya yafa farar toka. In yanka naman fale-fale, in jiƙa tsinkaye a ruwa tun safe don kada su ƙone. Man gyaɗa kafin yaji, yaji kuma sau biyu, ɗaya kafin wuta ɗaya bayan an sauke. Na tambaye shi minti nawa ake ba kowane ɓangare, ya yi dariya har da tari.

"Minti? Nama shi ka gaya miki, Malama. In ya yi za ki ji."

Ban ji daɗin amsar nan ba. Ni mutum ce mai son a ce mini biyar ko bakwai. Na koma gida na buɗe waya, na kalli wani Bature mai tumbi a bayan gidansa, da tukunyar gashi mai murfi da wani ɗan ƙarfe da yake soka wa nama ya karanta zafinsa. Shi cewa ya yi a jiƙa naman a ruwan lemun tsami. Na gaba da shi ya ce lemun tsami busar da nama yake yi, kada a kusance shi. Wani ya ce gishiri tun farko, wani ya rantse cewa gishirin farko shi ke tsotse ruwan nama. Mama ta leƙo ta ce duk shirme ne, in fara tafasa naman kawai, akuyar daji tauri gare ta. Matar maƙwabcinmu ta ce in nannaɗe shi a ganyen gwanda. Na rubuta duka a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, na karanta, na ga kowane layi yana ƙaryata na samansa. Na je na zauna a gefen gadon Baba na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce to ga kowanne.

Rabin duron yana nan a bayan gida a kan ƙafafunsa na ƙarfe. Raga ce babu, wato saƙar ƙarfen nan da ake shimfiɗawa a kan garwashi a jera nama. Na tambayi Mama, tana can tana canza wa Baba zanin gado, ta ce in duba ɗakin ajiya. Tun da ya kwanta aka sayar da aladun da yake kiwo, aka kwashe tarkacen bayan gida gaba ɗaya aka zuba a ɗakin nan don a samu wurin shanya. Na tura ƙofa, ga raga jingine a gaba-gaba, baƙi ƙirin da tsohon maiƙo. Na ɗauko ta. Na fi awa guda ina dirzarta da soson ƙarfe da toka da sabulu, na ɗauraye na shanya, ina jin kaina kamar wadda ta gama rabin aiki.

Ranar Kirsimeti Baffa ya iso rana ba ta gama fitowa ba, da wata jar akuya da ya ce shi ya yi kiwonta tun tana 'yar ƙarama. Ya yanka ya feɗe, ya ware mini cinyoyi na tsire, da haƙarƙari na balangu, wanda ake gasawa da faɗinsa ba tsinke. Da ya ji Mama tana maganar tafasa sai ya girgiza kai ya ce wannan akuya ba ta yi laifin da za a tafasa ta ba. Ya shiga ya gaida Baba, ya fito ya ce sai bayan la'asar. Mama ta tafi coci, aka bar ni da mara lafiya da tulin nama.

Hura wutar kaɗai ta kusa sa ni kuka. Karan dawa ya ci ya mutu har sau uku, gawayi ko a jikinsa. Na yi ta fifita da murfin bokiti har kafaɗata ta yi tsami, hayaƙi yana bina duk inda na juya, ina hawaye ina zagin mai tsire da Bature baki ɗaya. Da ta kama kuma na ƙagu, na jera tsinke goma tun harshen wuta bai kwanta ba. Ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin ya ƙone nan take. Waje baƙi, ciki jini. Na ɗanɗana ɗaya na tofar, na kai sauran bayan rumbu na rufe da ƙasa don kada Mama ta gani.

Daga nan na ɗan shiga hankalina. Na bar wutar ta kwanta har toka ta rufe ta. Na lura duk lokacin da mai ya ɗiga a garwashi sai wuta ta taso ta lashi naman, sai na ture garwashin ya koma ɓari ɗaya na duron, ya zama ina da wuri mai zafi da wurin gudun hijira. Wannan babu wanda ya koya mini, tsoro ne ya koya mini. In wuta ta yi gardama in yayyafa mata ruwa da yatsu. Da yake na kasa zaɓar shawarar wa zan bi, sai na raba naman kashi-kashi na bi ta kowa. Wanda na nannaɗe a ganyen gwanda ya yi laushi har ya wuce misali, yana zamewa daga tsinke kamar danƙo. Na lemun tsami ba laifi. Wanda ya fi duka kuwa shi ne wanda ban yi wa komai ba sai mai da gishiri da yaji. Abin haushi, maganar mai tsire ta fito, domin da farko naman ƙara yake yi sosai, can sai ƙarar ta yi sanyi, gefensa ya ɗan naɗe, lokacin juyi ya yi ke nan. Haƙarƙarin na kwantar da shi a ɓarin da ba zafi, na rufe da takardar buhu da na shafa wa mai, na ƙyale shi ya yi ta nuna a hankali.

Zuwa azahar babban faranti ya cika, na lulluɓe shi da takarda ya huta. Idona ja, hannuna duk ƙuna, zanina ya gama yawo. Mama ta dawo daga coci ta ɗauki tsinke ɗaya ta ci, sannan ta ɗauki na biyu. Ni dai na san ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka ba ni takardar koyarwa.

Ana cikin haka Goggo ta iso. Yayar Baba ce, tana zaune a ƙauye wajen Kanya. Ita ba ta zuwa Kirsimeti, sai Sabuwar Shekara, lokacin ni na riga na koma Kontagora, ta zo ta dafa wa Baba da tsofaffin sojoji abokansa burkutu. Bana ciwon ƙaninta ya sa ta zo da wuri. Ta shiga ta dubo shi, ta fito tana share ido, ta zarce bayan gida ta zari tsinke ba tare da ta tambayi kowa ba. Tana cikin tauna idonta ya sauka a kan duron, sai taunar ta tsaya.

"Wannan wace raga ce?"

"Ragar Baba mana, Goggo."

"Wacce daga ciki?"

Ban gane tambayar ba. Sai da na ga Mama ta ɗora hannu biyu a ka sannan na san akwai magana. Ashe Baba raga biyu gare shi. Wajen mai walda ɗaya ya sa aka yi masa su, tsawo ɗaya faɗi ɗaya. Ɗaya ta Kirsimeti ce, ba a ɗora mata komai sai abin da Baffa ya yanka, tana rataye can sama a jikin rumbu. Ɗayar ta Sabuwar Shekara ce, a kanta yake gasa naman alade shi da abokansa, tana rataye a jikin garken aladu. Bai taɓa haɗa su ba, ko wuƙarsu daban take. Da aka kwashe bayan gida, masu kwasar ba su san wannan ba, suka zuba su ɗaki ɗaya. Mama ta sani, amma wata biyu ba ta yi barcin kirki ba, ta manta.

Na ruga ɗakin ajiya na ture tsofaffin kwanon rufi, ga ta biyun a baya tana kallona. Na jawo ta na ajiye kusa da wadda na yi gashi a kai. Muka tsaya mu uku a kansu kamar masu duba gawa.

"Ta aladen ita ce mai lanƙwasa," in ji Mama. "Na tuna ranar da babban aladen nan ya ɓalle ya taka ta."

"Ina!" in ji Goggo. "Ta Bafulatanin ce mai lanƙwasa. Ƙanina da kansa ya lanƙwasa ta don ya zama alama, ina tsaye."

Na duba, duka biyun suna da lanƙwasa, ɗaya a kusurwa ɗaya a tsakiya. Na nuna musu. Mama ta ce to ai ta kusurwa take nufi, can kuma ta ce ko ta tsakiya ce. Suka juya harshe zuwa yarenmu na C'lela, wanda ba sa yi da juna sai rai ya ɓaci, kowace tana tuna wa ɗaya wata mantuwa da ta taɓa yi shekarun baya. Ni kuwa na durƙusa ina shinshina ƙarfe kamar karya. Tawa ƙamshin akuya take yi, ɗayar warin tsatsa da fitsarin ɓera. Na tuna baƙin maiƙon da na dirje da hannuna, shi kaɗai ne shaidar da ake da ita, na bi shi da toka da sabulu ina murna.

Na kira ƙanina babba, wanda yake yawan zuwa Sabuwar Shekara. Da ƙyar layin ya shiga, muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce mai nauyin ce. Na ce mai nauyin ce ta wa, ta alade ko ta Baffa? Layin ya mutu, bai sake shiga ba. Duk da haka na ɗaga su ina gwadawa, in sauya hannu in sake, kowane lokaci wadda ke hannun hagu ce ta fi nauyi.

Abin da na yi bayan wannan har yau ina jin kunyarsa. Na kinkimi ragogin biyu na shiga da su ɗakin Baba. Na ɗaga ta farko a gaban idonsa.

"Baba, wannan ce ta Baffa?"

"To."

Na ɗaga ta biyu. "Ko wannan ce?"

"To."

Na ce ya lumshe ido in ita ce, ya lumshe ga duka biyun, ko kuwa ƙiftawa ce kawai, ban sani ba. Na ce ya nuna da hannunsa mai lafiya, hannun ya tashi ya yi rawa a tsakaninsu ya faɗi. Idonsa yana tafiya daga wannan zuwa waccan, leɓensa yana motsi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya gane abin da nake tambaya, wannan ban yi shakka ba. Na ji muryata tana hawa, ina yi masa magana kamar ɗalibin da ya ƙi ba da amsa, sai Mama ta riƙe mini hannu ta ce ya isa. Na fita da ƙarafana.

Muka koma bayan gida muna shawarar da ba ta da kai. Mama ta ce in yi shiru. Na wanke ragar, wuta ta ci ta tun safe, mene ne ya rage a jikinta? Kuma wa ya ce ma ta aladen ce? Goggo, wadda ita ta tayar da maganar, da farko ta ce dole a faɗa wa Baffa, amana ce. Da ta sake leƙa ƙaninta ta dawo sai ta ce a'a, a rufe baki, mutumin nan abokinsa kaɗai ya rage masa. Can kuma ta ce amma in ya ji daga baya fa? Na ce a ba shi shinkafa da kaza, Mama ta ce ita ta yanka kazar da hannunta. Na ce in ruga tasha in sayo tsire in zuba a faranti, Goggo ta ce masu tsire ba su hura wuta ba tukuna, kuma mutumin da ya yi kiwon akuya ba za a ba shi naman sa a ce masa ita ce ba.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne ban san me addinin Baffa ya ce a kan ragar da aka wanke aka ƙona ba. Na tashi cikin Musulmi, na yi karatu da su, rabin ɗalibaina su ne, amma ban sani ba. Wataƙila ba komai ba ne, wataƙila babban abu ne. In tambayi maƙwabta kuma, kafin in rufe baki magana ta isa kunnensa. Raina ya ɓaci da kowa, da Mama da ta manta, da Goggo da ba ta iya cin nama ta yi shiru ba, har da Baba da ya riƙe abu a cikinsa shekara da shekaru bai ɗaura wa raga ko tsumma ba.

Muna nan muka ji kiran sallar la'asar. Muka sa wa Baba rigarsa mai kyau da hula, muka tallabo shi mu uku muka zaunar a kujera ƙarƙashin mangwaro, muka tokare shi da matasai. Mama ta ajiye farantin a kan ƙaramin teburi ta ɓangaren hannunsa na hagu. Ya dubi naman, ya dubi ƙofar gida. Tun da na zo ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Da na ji ƙarar babur na fita tarye. Har na isa zaure ban san abin da zan yi ba, ina ce wa kaina yi shiru, ina ce wa kaina faɗa. Baffa ya jingine babur ya dube ni.

"Mi na na, ɗiyata? Naman ya ƙone?"

Sai kawai na ji bakina yana zuba. Na faɗa masa komai, raga biyu, ɗakin ajiya, wankin da na yi, gardamar su Mama. Na ce wataƙila tasa ce, wataƙila ba tasa ba ce, babu mai iya rantsewa. Ya saurare ni yana riƙe da makullin babur.

"Raga biyu?" ya ce.

"Biyu, Baffa."

"Ban san biyu na ba. Shekaru nawa ina cin nama gidan ga, ban taɓa tambayatai ba. Shi ma bai taɓa hwaɗa min ba."

Ya bi ni bayan gida. Ragogin suna jingine a jikin rumbu, ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ya taɓa lanƙwasar ɗaya da ɗan yatsa. Bai ce zai ci ba, bai ce ba zai ci ba. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma daf da kujerar Baba, ya kama hannunsa ya gaishe shi.

Baba ya zare hannun ya kai shi kan faranti. Ya daɗe yana kokawa kafin ya kama tsinke ɗaya, ya miƙa wa Baffa, tsinken yana rawa. Mama ta raɗa mini cewa haka yake yi kullum, tsinken farko na Baffa ne, babu mai ci a gaban Baba sai Baffa ya ci. Baffa ya karɓa da hannu biyu. Ya zare yanka ɗaya, ya yayyaga shi ƙanana da farce, ya yi bisimilla ya kai bakin Baba.

"Kai za ka fara bana, soja. Kai ka kwance."

Baba ya buɗe baki ya karɓa. Yana taunawa da ɓari ɗaya, mai yana gangarowa ta gefen bakinsa, Baffa yana share masa da bakin rawaninsa. Haka har tsinken ya ƙare. Baba ya sake kamo wani ya miƙa, Baffa ya sake karɓa, ya sake ciyar da shi, yana ba shi labarin wata saniya da ta haifi tagwaye. A tsinke na uku Baba ya rufe bakinsa. Baffa ya kai naman har leɓensa, ya ƙi buɗewa. Ya dubi tsinken, ya dubi bakin Baffa, ya sake duban tsinken. Goggo ta tashi ta shige madafa.

Baffa ya ci gaba da labarin shanu, tsinken yana hannunsa har ya huce, kitsen ya daskare ya yi fari. Da rana ta yi ƙasa ya yago takarda ya naɗe shi, ya sa a aljihu, ya ce hanya ba ta da kyau, zai ci in ya isa gida. Ya yi wa Baba addu'a doguwa, ya yi mini sannu da aiki, ya ce ƙamshin kaɗai ya nuna na iya. Baba bai bi shi da kallo ba, ni ya tsura wa ido, har ƙarar babur ta ɓace.

Baba bai ga wata Kirsimeti ba, ya rasu kafin ruwan farko. Mama ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba, sau ɗaya dai muna tsince wake ta ce da na yi shiru da sun ci namansu. Goggo in ta zo wata rana ta ce na kyauta, wata rana ta ce bakina ya yi sauri. Baffa yana nan, muna gaisawa da fara'a, ban taɓa iya tambayarsa abin da ya yi da tsiren aljihunsa ba. Ni kaina in na zauna ina juya abin, wani lokaci in ga gaskiya na yi, wani lokaci in ga nauyi ne kawai na sauke daga kaina na ɗora wa tsofaffi biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a duk gidan mutum ɗaya ne ya san amsar. Yana zaune a kujera yana kallon amininsa riƙe da nama ya kasa kai wa baki, shi kuma ba shi da bakin da zai ce masa ci, ragarka ce, ko ya ce masa kada ka ci.